"Baba, wa ya sayar da shi?"

Daren jiya 'yata mai shekara goma sha biyu ta gama karanta Shaihu Umar, tsohon kwafina na sakandare da ta tono a cikin akwati. Sai ta zo ta same ni ta ce, "Baba, wa ya sayar da Umar? Turawa ne?" Wallahi sai da na yi jim. Na ce mata a'a, mutanenmu ne. Ta ce, "To me ya sa ba a faɗa mana a makaranta?" Har yanzu tambayar nan ba ta bar ni ba.

Ga waɗanda suka manta, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin yana matashin malamin makaranta a Bauchi, don gasar 1933 da ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. An buga shi a 1934, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami, ya yi ta sauya hannu har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi har ya zama shaihi.

Mu dai darasin da aka koya mana a aji shi ne haƙuri da neman ilimi da yarda da ƙaddara. Ban ce ƙarya ba ne. Amma da na sake buɗe shi yau ina da 'ya'ya, ba Umar na gani ba, uwarsa na gani. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ita ma ta faɗa bauta, ta sha wuya a ƙasar da ba ta san kowa ba. Da ƙyar suka haɗu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya samu 'yanci, ya samu suna. Ita fa me ta samu?

Sannan mu duba Makau, mijin uwar, wanda muke tausaya wa saboda sharrin da fadawa suka ƙulla masa. Sharrin a kan me? A kan bayin da aka kamo wajen hari. Wato shi ma da shi ake zuwa ɗebo 'ya'yan wasu. Ɓalewa bai ɓoye wannan ba, mu ne muka kau da kai.

Na san wani zai ce, "Malam, tone-tone me zai ƙara mana? Ai zamani ne, kuma bawa a wajenmu yana iya zama babba a fada." Gaskiya ne, an yi bayin sarki masu ƙarfin faɗa a ji. Amma mutum nawa ne? Sauran suna rinji suna noma, wasu sun mutu a hanyar Murzuk. Kuma ko a wancan zamanin akwai masu tsawatarwa: Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa tun wajen 1615 kan haramcin bautar da 'yantattun Musulmi, har ya ambaci mutanen Kano da Katsina.

Abin ma bai yi nisa ba. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, shekara biyu bayan fitowar littafin. A 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. A 2019 aka gano yaran Kano da aka sace aka sayar a Anambra. A Fabrairun 2021 kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja. Ku dubi sunan garin.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda an bincika an ce kakan yaro bawa ne. Wanda aka zalunta shi ke ɗauke da kunya, jikan wanda ya yi harin kuma yana alfahari da asali. Wannan wane irin hisabi ne?

Ni ba na kira a zagi kakanni. Roƙona ga malaman Hausa da iyaye: idan za ku karanta Shaihu Umar da yara, kada ku tsaya a kan haƙurin Umar kaɗai. Ku tambaye su wa ya sace shi, wa ya saya, wa ya gani ya yi shiru. Yaron da ya koyi yin wannan tambayar a littafi, shi ne zai yi ta idan ya ga an kawo ƙaramar yarinya aikatau gidan maƙwabta ba wanda ya san iyayenta.

Na yi wa 'yata alkawarin za mu sake karanta shi tare, wannan karon daga wajen uwar za mu fara.

Allah ya jiƙan Ɓalewa, ya dawo wa kowace uwa da ɗanta.