Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Kayan Ɗaki Tsakanin Adanawa da Sayarwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gadon wata tsohuwa, a birni ko a ƙauye, ya san yadda al'amarin yake gudana. Bayan an share makoki, sai a fito da kayan ɗakinta tsakar gida a baje a kan tabarmi. Zinariya da atamfofi da keken ɗinki, in akwai, nan da nan ake yi musu kuɗi, domin kowa ya san farashinsu a kasuwa. Amma da zarar an zo kan gadon ƙarfe mai rumfa, da adudu, da akusa, da kujera 'yar tsugunno wadda zama ya goge har tana sheƙi, da tasoshin tagulla da suka yi baƙi, sai a tattara su gefe guda a kira su tarkace. Kafin sadakar arba'in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikelinsa, ya auna gadon da tasoshin, ya biya kuɗin nauyinsu. Na itace kuwa, ko dai su ƙare a murhu, ko kuma a jingine su bayan ɗaki gara ta gaje su.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, darajar tsohon kayan ɗaki ba a jikinsa kaɗai take ba, mafi yawanta tana cikin sanin asalinsa, watau wanda ya yi shi, da inda aka yi shi, da hannuwan da ya ratsa. Gidan da ya rasa wannan sani ba zai iya kula da kayansa yadda ya dace ba, ba zai iya yi musu kuɗi daidai ba, kuma ranar da ya tashi sayarwa shi ne zai kwana a ciki.

Abin da kayan suke ɗauke da shi

Ɗakin matar Bahaushe littafi ne na tarihin ciniki da sana'a, ga wanda ya iya karanta shi. A zamanin da, jeren amarya ƙore ne da masu gyartai da zane suka ƙawata, da faya-fayai, da akusa na masassaƙa, da tasoshi ga masu hali. Irin wannan zamani ne Baba ta Karo ta bayyana a labarin rayuwarta, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta daɗe tana haɗa aikin maƙera da dukawa da masassaƙa na ƙasar Hausa da na maƙwabta, har da kayan tagulla irin na Nufawan Bida. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai kayan ƙetare suka soma kwararowa cikin sauƙi. Sannu a hankali gadon ƙarfe ya ture gadon kara da na ƙasa, akwati ya ture adudu, langa da fanteka da kwalla suka ture ƙwarya. Su ma daga baya tangaran da roba da gadon katako suka kore su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya shaida ne a kan lokacinsa. Turmin ƙirya ko kujerar maɗaci suna nuna irin itatuwan da ke dajin da ya kewaye gari kafin a sare shi. Zanen da ke bakin tasa yana iya nuna garin da aka ƙera ta. Gadon ƙarfe kuwa, ko da yake baƙo ne, yana faɗin lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun talaka har ya iya yi wa 'yarsa irin wannan gata. Sai dai fa kayan ba su da baki. Wadda ta san labarinsu ita ce tsohuwar da ta kwana da su shekara hamsin, kuma mafi yawan lokaci ba a tuna a tambaye ta sai bayan ƙasa ta rufe mata ido.

Kulawa ba sabuntawa ba ce

Abokan gaban tsohon kaya a ƙasar Hausa sanannu ne. Akwai gara, wadda ke hawowa daga ƙasa ta cinye cikin itace ta bar ɓawo. Akwai ƙwaron da ke huda katako, wanda ake gane shi da ƙananan ramuka da garin itace da ke zuba a ƙarƙashin kaya. Akwai laimar damina da ke kumbura itace, ta sa ƙarfe tsatsa, ta sa fata fumfuna. Akwai kuma bushewar hunturu da ke tsotse ruwan itace har ya tsage. Maganin waɗannan ba ya buƙatar dukiya: a ɗaga kaya daga dandariyar ƙasa a ɗora a kan dutse ko bulo, a janye su daga jikin bango, a bar iska tana ratsa ɗakin, a riƙa kakkaɓe ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, a kuma ware duk wanda aka ga alamar ƙwaro a jikinsa kafin ya shafa wa sauran. Kada a jiƙa kayan itace da ruwa sannan a shanya a tsakar rana, domin wannan shi ne hanya mafi sauri ta tsaga su. Kayan fata da na saƙa kuwa, kada a ƙulle su cikin leda da damina.

Amma akwai wani abokin gaba da ya fi gara ɓarna, shi ne mai gyara da kyakkyawar niyya. Shi ne wanda zai ɗauki tsohuwar kujera ya kai wa kafinta a kankare ta a shafa mata fenti mai ƙyalli, ko ya malala wa ƙyauren kakanni baƙin man mota don tsoron gara, ko ya sa yara su dirje tasa da yashi da toka da tsamiya har sai ta yi ja. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan tagulla, da santsin da hannu ya bari a bakin akushi, su ne hujjar tsufan kaya, kuma su masani yake fara dubawa. Kowace dirza tana cin wani abu daga zanen maƙeri, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi suke bi ita ce, kada a yi wa kaya wani aikin da ba za a iya warware shi ba. Ya kamata wannan ƙa'ida ta shiga gidaje.

Farashi uku

Tsohon kaya yana da farashi uku. Na farko shi ne na nauyi, wanda 'yan gwangwan ke biya, su da ba ruwansu da ko tasar ta shekara ɗari ko jiya aka ƙera ta, tun da narkarwa za a yi. Na biyu shi ne na kasuwar masu neman kayan da, wanda ya dogara ga shekarun kaya, da ingancin aikinsa, da lafiyar jikinsa, da ƙarancin irinsa, da kuma tabbacin asalinsa. Na uku shi ne na zuciya, wanda iyali kaɗai suka san shi, ba kuma a biyansa da kuɗi.

Masifar ita ce, mai saye ya san na biyu, mai sayarwa kuwa na farko kawai aka gaya masa. Dillaliya za ta shiga gida ta juya tasa a hannu ta ce, "Haba Iya, wa yake yayin wannan yanzu? Don dai ke ce." Tsohuwa ta sallama da godiya, alhali kuwa kaza ce ta kwana a kan dami. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana hanin da shari'a ta yi ga tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, kuma illar da aka guda a can ita ce dai ake aukawa a nan, watau cin ribar jahilcin mai kaya. Haka nan a wajen rabon gado, idan aka yi wa kaya kuɗin da bai kai darajarsu ba, sannan wani magaji mai wayo ya ɗauke su a cikin rabonsa, to an tauye haƙƙin sauran, marayu ne ko mata, ko da kuwa an yi lissafin kaso daidai.

Tabbacin asali yana da wani amfani kuma. Sananne ne cewa akwai masu sassaƙa sabon abu, su turara shi da hayaƙi ko su binne shi a ƙasa don ya yi kama da tsoho, su sayar wa baƙi. Wannan ya sa mai saye na gaskiya yake ɗari-ɗari da kowa. Gidan da ke da rubutaccen bayani da hoto, wanda zai iya cewa wannan kujera ta kakar wance ce, da ita aka kawo ta daga gari kaza a zamanin sarki wane, ya riƙe abin da mai jabu ba zai iya sassaƙawa ba.

Shin sayarwa laifi ne?

Wani zai ce, ai wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Tun asali kayan ɗaki su ne asusun mace. Ranar da ciwo ya zo, ko aurar da 'ya, ko fari ya hana amfanin gona, kwano take cirewa daga jere ta ba dillaliya, ta rufa wa kanta asiri. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda yake da ikon ɗora wa matalauciya nauyin tsaron tarihi alhali tukunyarta ba ta hau wuta ba. Dukiyarta ce, shari'a ta mallaka mata. Haka kuma ɗakunan haya na birane ba su da filin gado mai rumfa. Saboda haka ba sayarwa ake zargi ba, sayarwa cikin duhu ake zargi. Wanda zai sayar, ya ji tayi daga bakin mutum fiye da ɗaya, ya fara yi wa dangi tayi kafin bare, ya san la'adar dillali tun kafin ciniki ya faɗa, kuma kada ya yanke shawara a cikin kwanakin makoki, lokacin da hankali ba ya jiki.

Akwai kuma doka, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Tun a 1953 aka yi dokar kayan tarihi a Nijeriya, sannan Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashin wannan doka, aikin hannu na 'yan ƙasa, kamar sassaƙa ko ƙyaure ko ganga ko mazubi ko rubutun hannu, idan an yi shi kafin 1918, ya shiga sahun kayan tarihi. Ba a sayar da irinsa sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da izni. Gadon ƙarfe da kwanonin da aka shigo da su daga ƙetare ba su shiga wannan sahu ba, amma tsohon ƙyaure ko tasar da maƙerin gida ya ƙera suna iya shiga. Dalilin tsananin a fili yake. Wawashe gumakan yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato ya kai matsayin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Abin da ya fita ta ɓarauniyar hanya da wuya ya dawo, in ma ya dawo, ya dawo ba suna ba asali.

Ga iyalin da ba su da wurin ajiya kuma ba sa son rabuwa da sunan kakanninsu, akwai hanya ta uku, watau su tuntuɓi gidan tarihi. Gidan Makama a Kano, inda ake ajiye da ƙyamaren wasu tsofaffin ƙofofin birni, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Yamai da aka kafa a 1959, duk don irin wannan aka yi su.

Nauyin da ke kan ɗalibin Hausa

A nan ne maganar ta shafi Sashen Hausa kai tsaye. Idan kaya ya ɓace, sunansa ma bin sa yake yi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen mazubai da kayan saƙa da na sassaƙa waɗanda ɗalibin yau zai iya karanta ma'anarsu, amma bai taɓa ganin abin da ido ba. Karin magana da waƙa da tatsuniya duk sun ginu a kan waɗannan kaya, kuma wanda bai san akushi ba, rabin ma'anar abin da aka faɗa a kansa ya wuce shi. Ɗalibin da ke yawon neman batun kundin digiri, alhali ɗakin kakarsa yana nan ba a rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Aikin ba mai wuya ba ne. A lokacin hutu, ya zauna gaban tsohuwa da ladabi, da littafi da alƙalami da wayar da ke aljihunsa. Ya ɗauki hoton kowane abu, ya rubuta sunansa yadda ta faɗe shi da karin harshenta, da itacen ko ƙarfen da aka yi shi da shi, da wanda ya saya, da kasuwar da aka saya, da abin da ake yi da shi. In ba ta san shekara ba, ta san sarkin da ke kan gado, ko yunwar da aka yi, ko haihuwar da ta zo daidai da lokacin. Ya bar kwafi ɗaya a gida, ya kawo ɗaya sashe. Malamai kuwa, ya dace su karɓi irin wannan a matsayin aikin jinga mai maki, su kuma tanadi wurin ajiye shi.

Kammalawa

Ba kowane tsohon abu ne zai tsira ba, ba kuma kowanne ne ya cancanci tsira ba. Wasu za a sayar, wasu za su lalace, haka duniya ta gada. Abin da bai kamata ya salwanta ba shi ne sanin da ke tattare da su, domin shi ne yake koya wa gida yadda zai kula da kayansa, shi ne yake kare shi ranar ciniki, shi ne kuma yake saura bayan kayan sun tafi. Gara tana ɗaukar shekaru kafin ta gama da kujera, amma labarin kujerar dare ɗaya yake tafiya, ranar da mai ita ta cika. Allah ya sa a farga tun masu labarin suna raye.