Tsidau Ne, Malam, Ba Banɗafilun Ba

Wani malami mai ba da magani a Mutum Biyu yana karantar da ɗalibansa cewa ciyawar nan mai yaɗo da ɗorawar fure, wadda ke shimfiɗe a bakin titin Jalingo zuwa Wukari, ita ce banɗafilun da Ibnul Baiɗar (ya rasu 1248) ya ambata, wadda Linnaeus ya raɗa wa Potentilla reptans a 1753. Allah ya gafarta malam, a nan an yi tuya an manta da albasa.

Ya ce furenta ɗorawa ne mai kunne biyar. Haka ne, amma tsirrai nawa ke da irin wannan fure? A duba ganye. Na banɗafilun biyar ne da suka fito daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu, bakinsu da tsaga-tsaga. Na tamu ƙanana ne, jere biyu-biyu a kan sili, bakinsu sumul.

Ya ce tana yaɗo. To, yaɗo ma iri-iri ne. Banɗafilun duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa sabuwar saiwa. Tamu kuwa saiwarta ɗaya ce tak. Ka ɗaga reshe, zai taso ba gardama. Ga kuma 'ya'yanta masu ƙaya da ke rabewa gida biyar, waɗanda duk yaron da ya yi kiwo ba takalmi a ƙasar Gassol ya san zafinsu. Banɗafilun ba ta da ƙaya ko ɗaya. Wannan tsidau ne, Tribulus terrestris, kuma Larabawa hasak suke ce masa.

Hujjarsa ta ƙarshe wai iri na tafiya da fatake. Yana tafiya, shi ya kai banɗafilun Amurka. Sai dai gidanta Turai ne da yammacin Asiya da Arewacin Afirka da tsaunukan Habasha, inda ake sanyi da laima. Da a Gembu aka ce an gan ta, da mun tsaya mun saurara; amma kwarin Binuwai da zafin watan Maris?

Abin da ya sa ban yi shiru ba: saiwar banɗafilun ake dafawa don tsayar da zawo, tsidau kuwa a Afirka ta Kudu an daɗe da sanin yana lalata hantar tumaki, kansu ya kumbura. Ɗalibin da ya ɗauki fa'idar waccan ya ɗora wa wannan, mara lafiya ne zai sha.