Ɗan Damfara Kuke Wa Laƙabin "Hacker"

Kusan kullum sai wani ya rubuta a Facebook: "An yi hacking ɗina, kada kowa ya tura kuɗi." Da ka bi diddigi sai ka tarar babu wanda ya fasa komai. Wani ne ya kira shi, ya ce daga zaurensu na WhatsApp yake, ya nemi lambobi shidan da aka turo masa, shi kuma ya karanto masa da bakinsa. Damfara ce irin ta tashar mota, waya kawai ta shigo ciki. Amma mun ɗauki rawani mun naɗa wa ɓarawo.

Kalmar ba a gidan ɓarayi aka haife ta ba. A ƙarshen shekarun 1950, ɗaliban jami'ar MIT a Amurka, 'yan ƙungiyar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, suna kiran duk wata dabara mai kaifi da ta warware matsala "hack". Daga nan ta bi su ɗakin kwamfuta. Bakaniken da ya rasa kayan gyara, ya sarrafa wani ƙarfe mota ta tashi, shi ma abin da ya yi ke nan. Fim ɗin WarGames na 1983 da jaridun lokacin ne suka liƙa wa kalmar kutse. Masu rubuta manhaja sun kawo "cracker" don masu ɓarna, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Duk da haka, kamfanin Facebook ya taɓa sanya wa hedikwatarsa adireshin 1 Hacker Way.

Wani zai ce ai harshe na masu magana da shi ne. Na yarda, amma wa ke biyan kuɗin? Yaron da ke koyon rubuta manhaja, mahaifinsa na yi masa kallon ɗan Yahoo. Cikin koke-koken zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 har da tare matasa saboda an gan su da kwamfuta a jaka.

Wanda aka damfara ma asara yake yi sau biyu. Tunda ya ɗauka wani gwani ne ya yi masa siddabaru, ba ya ganin akwai abin da zai gyara. Sai ya karɓo layinsa, bai kunna mabuɗin sirri na biyu da WhatsApp ke bayarwa kyauta ba, ya zauna jiran kira na gaba.