Wankan Zafi da Sanyi: Wartsakewar da Aka Yi wa Rigar Magani

A ƴan shekarun nan wata fatawar lafiya ta bazu a wayoyin hannu. Wai mutum ya tsaya ƙarƙashin shaya ya sakar wa jikinsa ruwan zafi na minti biyu, sannan ya murɗa famfo zuwa na sanyi na daƙiƙa 30, ya maimaita sau uku. Masu yayata ta sun ce tana ƙarfafa garkuwar jiki, tana narka teɓa, tana wanke dattin jini, har tana saukar da hawan jini. Jerin ya yi tsawo, hujjar kuwa gajeruwa ce ƙwarai.

Al'adar ta samo tushe ne a tsakiyar Turai cikin ƙarni na 19. Vincenz Priessnitz, wani manomi a ƙasar da Ostiriya ke mulka a lokacin, ya yi suna da jinyar mutane da ruwan sanyi. Bayansa Sebastian Kneipp, limamin Katolika a garin Wörishofen na Jamus, ya tsara kwarare-kwararen ruwa iri-iri, ya kuma wallafa littafinsa kan jinya da ruwa a 1886. Dukansu biyu ba likitoci ba ne, kuma sun yi aikinsu ne kafin gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu a kwatanta sakamako ya zama ruwan dare. Daɗewar al'ada shaida ce cewa mutane sun so ta, ba ta isa shaidar cewa tana warkarwa ba.

Abin da ke faruwa a jiki ba asiri ba ne. Zafi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sanyi yana tsuke su. Idan ruwan sanyi ya faɗa wa fata kwatsam, numfashi kan fizge, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau. Wannan firgitar ce mai wanka ke ji a matsayin kuzari. Tace dattin jini kuwa aikin hanta ne da ƙoda, kuma babu ruwansu da famfo.

Binciken da masu yayatawar suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a ƙasar Holan, aka buga shi a 2016. Mutum 3,018 suka shiga, aka umarci wasunsu su riƙa kammala wankan ɗumi da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, 60 ko 90 har kwana 30. Fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 29 cikin 100 a wajen masu ruwan sanyin. Nan ake tsayawa a buga ganga. Abin da ba a faɗa shi ne, yawan kwanakin da suka yi ba su da lafiya bai bambanta da na sauran ba. Ciwon ya kama su kamar kowa, sai dai sun fi daurewa su tafi aiki. Kuma su da kansu ne suka ba da rahoton halin da suke ciki. Uwa uba, tun farko an cire masu tsananin ciwon zuciya da na huhu daga binciken, wato mutanen da yanzu ake tallata wa wankan a matsayin waraka.

Haɗarin yana nan. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa saboda wani bidiyo, ya shiga watsa wa ƙirjinsa ruwan sanyi da asubar hunturu, ya yi hasara biyu: ya bar abin da aka gwada aka tabbatar, ya ɗora wa zuciyarsa nauyin da ba ta nema ba. Tsoho na iya jin jiri cikin ruwan zafi ya faɗi a banɗaki. Mai ciwon sukari da ƙafafunsa suka daina ji na iya ƙonewa bai sani ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan darasi. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawaitar gazawar zuciya bayan haihuwa da al'adun jego, wato wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Iyayen da suka riƙe al'adar alheri suke nufi. Duk da haka zuciya ba ta duba niyya, nauyin da aka aza mata kawai take ji.

Wani zai ce, ai wankan ba ya cin ko sisi, kuma mai yin sa yana jin daɗi. Haka ne. Lafiyayyen matashi da ke son ya wartsake da safe, babu mai hana shi, kamar yadda ba a hana ɗan ƙwallo tsoma ƙafafunsa a ruwan sanyi don rage tsamin jiki. Laifin yana ga wanda ya ɗauki abin wartsakewa ya kira shi magani, ya miƙa wa marar lafiya. Duk mai ciwon zuciya, hawan jini ko sukari, da mace mai ciki, su tuntuɓi likita kafin su murɗa famfon, kuma kada su ajiye maganin da aka rubuta musu.