Linzami Kafin Ƙaimi: Raddi ga Masu Zaburar da Kwamfuta da Ka

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu, wadda na ga ya kamata a fito da ita fili a yi mata filla-filla. Maganar kuwa ita ce ta zaburar da ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfutar tebur, wato a sa ta ta yi gudu fiye da wanda masu ƙera ta suka yanka mata. Jama'a sun rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Gida na farko suna cewa aikin banza ne, wanda kwamfutarsa ta tsufa ya yar ya sayi sabuwa. Gida na biyu kuwa su ne gwanayen dare ɗaya, waɗanda za su kwafo lambobi daga intanet su ɗora wa injin ɗan'uwansu, in ya ƙone su ce ai da ma kwanansa ya ƙare. Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da na biyun zan fi yin fito-na-fito, domin su ne ke jawo wa mutane hasara.

Bari in fara sallamar gida na farko. Zaburarwa tsohuwar sana'a ce, kuma tana da hujja. Tun a 1998 mutane suka gano cewa ƙwaƙwalwar Intel mai suna Celeron 300A tana iya tashi daga megahaz 300 zuwa 450. A 2007 Core 2 Quad Q6600 ta fito da gigahaz 2.4, masu ita da yawa suka kai ta 3.0. A 2011 kuma aka fito da Core i5-2500K, wadda harafin K da ke jikin sunanta shaida ne cewa kamfanin da kansa ya bar ƙofa a buɗe. Lissafinta mai sauƙi ne: tushen bugunta megahaz 100 ne, ana ninka shi sau 33, ya ba da gigahaz 3.3. Mai zaburarwa lambar ninkin nan kawai yake ɗagawa, kuma da yawa daga cikin irin wannan ƙwaƙwalwa sun zauna lafiya a wajen 4.4. To, ɗalibin da ke ƙirga kuɗin garin da zai sha, a ce masa ya yar da injin da ke da sauran ƙarfi haka? Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu sai gwanayen dare ɗaya. Ƙarya uku suke sayar wa ɗan koyo.

Ta farko, wai kowace kwamfuta tana zaburuwa. Ko kusa! Galibin tsofaffin injinan ofis da ake shigo mana da su, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, a kulle suke, ba su da wurin taɓa ninki ko ƙarfin wuta. Ita kanta 2500K ba ta sakin jiki sai a kan babban allo irin P67 ko Z68 ko Z77. A kan H61 ba inda za ta. Wanda ya karɓi kuɗinka bai ko duba wannan ba, ya cuce ka tun kafin ya kunna injin.

Ta biyu, kuma ita ce uwar ɓarna, wai lambar da ta yi wa wani za ta yi maka. Ƙwaƙwalwa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba sa jure gudu ɗaya, kamar yadda 'ya'yan goɗiya ɗaya ba sa tsere ɗaya. Bayan wannan, mutumin da ya rubuta lambobin nan wataƙila yana zaune ne a Jamus ko Kanada, cikin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato, watan Afrilu yakan kai 40 har ya wuce. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasa, kusan haka zai hau kan ƙwaƙwalwarka. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen shan zafi, ga wutar lantarki mai hawa da sauka. Kayan aro ba ya rufe katara.

A nan ne kuma suke wasa da ƙarfin wuta, alhali kuwa shi ne makashin injin. Zafi yana hawa ne kafaɗa da kafaɗa da gudu, amma da ƙarfin wuta ninka lambar ake yi da kanta. Alal misali, 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44, 1.4 sau 1.4 kuwa 1.96. Ke nan wanda ya ɗaga bolt daga 1.2 zuwa 1.4, ya ƙara zafi fiye da sulusi tun bai ƙara gudu ko kaɗan ba. Shi a ganinsa ɗigo biyu kawai ya matsa.

Ta uku, wai in dai injin ya tashi ya nuna hoto, aiki ya yi. Wannan ita ce ta fi shafar mu ɗalibai. Ƙwaƙwalwar da aka matsa wa tana iya kuskuren lissafi a ɓoye, ta lalata fayil ko ta daskare ana tsakiyar aiki. A kan wannan inji ne fa ɗan ajin ƙarshe ya tara kundin digirinsa da muryoyin dattawan da ya yi wata da watanni yana ɗauka a ƙauyuka. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

To, yaya ɗan koyo zai yi? Da farko ya kwafe duk aikinsa zuwa wani wuri dabam. Sannan ya kashe injin, ya zare waya, ya kakkaɓe ƙura, ya goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen shan zafi ya shafa sabo. Idan 'yar ƙaramar fankar da ta zo da ƙwaƙwalwar ce har yanzu, ya nemi babba. Ya tabbata akwatin wutar injin nagari ne, ya kuma sa na'urar daidaita wuta. Bayan haka ya auna injin yadda yake: CPU-Z ta gaya masa sunan ƙwaƙwalwa da allo, Core Temp ko HWMonitor su nuna zafi, Prime95 kuma ta ɗora mata kaya mai nauyi. In tun a nan zafi ya doshi 80, magana ta ƙare, gyaran sanyaya ne a gabansa.

In kuwa da sauran fili, ya shiga BIOS ya ƙara ninki ɗaya tak, ya gwada, ya rubuta sakamako a takarda, sannan ya ƙara wani. Kada ya bar ƙarfin wuta a hannun allo ya yi ta ɗagawa yadda ya ga dama. Ya sa ido a kansa, kuma ga irin 2500K masana sun saba ba da shawarar kada a wuce wajen bolt 1.35. Ran da injin ya tuntsure, ya koma baya taki ɗaya ko biyu, ya bar gwaji ya yi awoyi yana gudana, da tsakar rana ba da asuba ba. In ya ƙi tashi sam, kada hankalinsa ya tashi: ya zare waya, ya cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allo na 'yan mintoci, komai zai koma yadda yake.

Gaskiya ɗaya ta rage wadda gwanayen ba sa faɗa. Sau da yawa nawar tsohon inji daga faifan ajiya take, kuma sa masa SSD ko ƙarin RAM ya fi kowace zaburarwa amfani. Haka kuma gudu ba ya mai da tsoho yaro: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar 2500K a hukumance ko da ta kai gigahaz 5. Mai irin wannan inji ya fara tunanin Linux tun yanzu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, duk wanda ya zo zai taɓa muku inji, ku tambaye shi abu uku: wane allo ne a ciki, zafi nawa ya auna, awa nawa zai gwada. In ya fara kame-kame, ku karɓe kayanku. Mahayin kirki sai ya ɗaura linzami yake sa ƙaimi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Wassalam.