Mai son babban giwan ruwa ya saki ƙarami

Ƴan uwa manoma da masunta na Madawa da Buza da Keita, yau zancen kifi za mu yi, kuma kifi guda, giwan ruwa, wanda Faransawa ke kira kapiten.

Duk wanda ya taɓa cin sa ya san dalilin tsadarsa. Tsokarsa fara ce, ƙayarsa kaɗan ce. Babba yana kai tsawon mutum, yana wuce kilo 100. Shi ya sa in an gina baraji, ko tabki ya cika, sai ka ji mutane suna roƙon ma'aikatan gandun daji su zuba musu giwan ruwa. Waɗanda ke da shi cikin ruwansu kuma kuka suke yi, wai manyan sun ɓace, sai ƴan ƙanana kamar tafin hannu.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, ba aljanin ruwa ya kwashe manyan ba. Mu munka cinye su tun suna ɗiya. Kamun babban giwan ruwa ba ranar da ka ɗana ƙugiya yake farawa ba. Yana farawa shekara 3 ko 4 kafin nan, ranar da ka ga ƙarami cikin raga ka mayar da shi ruwa.

Ka san halin kifin tukuna. Giwan ruwa ba ya cin ciyawa, ba ya cin dusa. Kifi yake ci: karfasa, ɗiyan tarwaɗa, har ɗiyansa na cikinsa in ya samu. Kafin ya ƙara kilo guda sai ya haɗiye kilo da dama na ƙananan kifi. Yana ɗaukar kamar shekara 3 kafin ya fara haihuwa. Namiji yana isa haihuwa in ya kai kamu guda, wato wajen santimetir 50. Mace sai ta wuce haka. Waɗannan manya-manyan da ake ɗauka mutum biyu kuwa kusan duk mata ne, kuma guda tana zuba ƙwai miliyoyi. To, ka duba. Wanda ya kama giwa mai tsawon taƙi guda, bai ci riba ba, kuma ya hana ta haihuwa ko sau ɗaya. Kamar mai yanka ƴar akuya ce tun tana shan nono, ya dawo yana kukan garke ba ya ƙaruwa.

Abu na biyu, giwan ruwa ba na kowane ruwa ba ne. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, don ƙasarmu ƙasar dutsi da kwari ce, ba mu da gulbi mai gudu rani da damana. Ruwanmu na tabki ne da na baraji, irin na Ibohaman, da waɗanda furojen Keita ya gina cikin kwaruruka tun da ya fara aiki a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, da tabkunan kwarin Majiya da na Tarka. A ƙasa irin tamu, rana da iska kaɗai suna shanye fiye da metir 2 na ruwa a shekara. Ka ƙara da na ban ruwan albasa, ka ƙara da na dabbobi, ka ƙara da laka da rairayin da ruwan sama ke zubawa ciki kowace damana. Barajin da ya kai metir 3 a ƙarshen damana, kafin bazara ta ƙare ruwansa bai kai ƙugu ba, ya yi zafi, ya yi kauri.

Tarwaɗa tana jure wannan, don tana leƙowa sama ta shaƙi iska. Gaiwa tana shiga laka ta jira damana. Giwan ruwa ba ya da wannan dabara. In ruwa ya yi zafi ya lalace, shi ke fara juya ciki sama. Saboda haka zuba shi cikin ƙaramin baraji asara ce sau biyu: ya cinye muku karfasa da ɗari, ya mutu da bazara kafin ya kai girman saidawa. A jahar Tawa inda anka zuba shi ya zauna, manyan tabkuna ne masu riƙe ruwa shekara da shekaru, kamar Tabalak a kan hanyar Agadas, da Ɗan Dutsi yamma da Tawa. Duka biyu an sa su cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a tsare, a shekarar 2005.

Ko babban ruwa ma sai an yi hankali. Can gabashin Afirka akwai tabkin Biktoriya, wanda ya fi kowane tabki faɗi a Afirka. An zuba masa giwan ruwa a shekarun 1950. Da ya yi yawa a shekarun 1980, ya cinye iri-irin ƙananan kifi kamar 200, har ba a sake ganin su ba. An sami kuɗi, gaskiya ne, ana kai tsokarsa Turai cikin jirgin sama. Amma bayan haka an kama shi fiye da kima, har hukumomin can sunka hana kama wanda bai kai santimetir 50 ba.

Ba mu ce ba ya da amfani ba. Karfasa tana haihuwa da yawa. In babu mai rage ta, sai ta cika ruwa, abinci ya kasa, duk ta tsaya ƴan mitsi-mitsi. Giwan ruwa kaɗan cikin tabki mai zurfi yana rage ta, wadda ta saura ta yi ƙiba. Amma wannan awo ne da ma'aikacin gandun daji zai yi. Kada wani ya ɗauko ɗiyan giwa cikin jarka daga Tabalak ya zuba a barajin garinsu da dare, yana ganin ya yi ma gari alheri.

Yanzu ga wanda ke zuwa su inda giwan yake. Kamun babba ba ya son hayaniya, ba ya son taru. Babba yana kwance wurin da ya fi zurfi, gindin dutsi ko ƙarƙashin itacen da ruwa ya ci, yana jiran ƙaramin kifi ya gitta. Da asuba da kuma bayan la'asar zuwa magariba yake fita farauta. Ka nemi babbar ƙugiya da igiya mai ƙarfi. Ka soke karfasa mai rai ta baya, ƙasan ƙayar gadon bayanta, yadda za ta ci gaba da motsi, don giwa ya fi son abin da ke motsi. Ka ɗaure igiyar ga gora. In ya haɗiye, kada ka ja da ƙarfin tsiya, kuma kada ka naɗe igiya a hannu, tana yanka yatsa, tana iya jan yaro cikin ruwa. Zai yi tsalle yana girgiza kai don ya zubar da ƙugiya. Ka bar shi ya yi ta jan gora har ya gaji, sannan ka matso da shi. Ka kiyayi gefen kumatunsa da ƙayar bayansa, suna da kaifi. In da kalli kake aiki, ka sa mai manyan idanu, ƙarami ya wuce abinsa. Babbar ƙugiya ma haka take, ita da kanta ke zaɓe, ƙaramin kifi ba ya iya haɗiye ta.

Da ka fid da shi, ka fasa ciki nan take, ka sa shi inuwa. Yana da kitse, ba ya bushewa da rana kamar ƙananan kifi, kuma bandarsa tana cin itace, abin da ba mu da shi da yawa. Gara ka san mai saye kafin ka shiga ruwa.

Abin da ke kashe tabki sananne ne: taru mai ƙananan idanu da ake ja har ƙasa, da sange da anka raba don sauro wasu sunka mai da shi raga, da majimfa, da maganin ƙwarin gona. A shekarar 1998 dokar su ta ƙasarmu ta hana guba da nakiya, ta hana ragar da idonta bai kai yatsa 3 ba. Yatsa 3 ɗin nan don karfasa ne da tarwaɗa. Mai neman giwa ya kamata ya wuce nan da nisa.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce: "In na saki ƙarami, wani zai kama shi gobe, ni na kwana da yunwa." Gaskiyarsa. Mutum guda ba ya iya wannan aiki, kuma ma'aikacin gandun daji guda ba ya iya kwana bakin kowane tabki. Aikin gari ne. Ku dubi Argungu a ƙasar Kabi, cikin Najeriya. Tun 1934 ake bikin su a can. A 2020 wanda ya ci gasa ya fito da kifi mai kilo 78, da koma da gora kawai. Ana zaton asiri ne. Mu abin da munka gani shi ne, ruwan Matan Fada a rufe yake, sarkin ruwa na tsaronsa, babu mai jefa raga sai ranar da anka buɗe. Turawa ma haka suke yi da nasu kifin masu cin ƴan uwansu. A Faransa da Jamus akwai watannin da ake rufe kamun irin wannan kifi don haihuwa, kuma kowane mai fatsa yana auna abin da ya kama. A wasu tabkunan Kanada da Amurka har manyan ake mayarwa ruwa, don su ne iyaye. Wannan ta ƙarshen za ta yi ma masuncinmu wuya, mun sani. Amma ko ba a saki babbar mace kullum ba, a bar ta lokacin da ruwa ke cika.

Saboda haka, ku da kunka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Ku zauna da mai gari da sarkin ruwa da ƙungiyar masunta. Ku yanke watannin rufe ruwa, daga farkon damana har ruwa ya kwanta. Ku yanke sanda mai santimetir 50, a ajiye ta inda ake fid da kifi, giwan da bai kai ta ba ya koma ruwa da ransa. Baƙon masunci da ya zo, a karanta masa sharaɗin kafin ya sauke jirginsa, a duba ragarsa. Ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar su, da irin kifin, da kilo nawa. Ku kafa gungume mai zane cikin ruwa, ku rubuta inda ruwa ya tsaya a ƙarshen kowace bazara. In shekara 3 a jere wuri mafi zurfi bai gaza metir 2 ba, ku kai littafin ga ma'aikacin gandun daji na Madawa ko Buza ko Keita, ku yi shawarar giwan ruwa da shi. In ya gaza, ku nemi ɗiyan tarwaɗa da karfasa, ku zuba da farkon damana, ku kwashe kafin ruwa ya ƙafe.