Hafsan da ya iya lissafi ya fi yi mana amfani a kan hanya

Jama'a ƴan kasuwa, in aka ce yaro ya shiga makarantar hafsoshin soja, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kaki da fareti da harbi. In kuwa aka ƙara da cewa lissafi yake karanta a can, sai ka ji wani alhaji a rumfa ya ce, to in lissafi yake so, me ya hana shi zama shago ya riƙe mana littafin bashi? Mu dai a ganinmu alhaji ya yi kuskure, kuma kuskuren ya shafi aljihunsa.

Akwai wani fannin ilimi da za mu iya kira lissafin tsara aiki. Aikinsa shi ne a ɗauki matsala ta zahiri, kamar motoci nawa, man fetur nawa, wace hanya, wace rana, a mai da ita alƙaluma, a nemo tsarin da ya fi rage hasara. A makarantar hafsoshin Amurka ta West Point, wadda aka kafa a 1802, kowane ɗalibi sai ya yi lissafi, wasu kuma wannan fanni suke zaɓa su ƙware a kai cikin shekaru 4 na karatunsu, kafin su yi wa soja aikin shekara 5 na dole. Abin ma ya daɗe. Tun a 1781 wani malamin makarantar injiniyoyin soja a Faransa, Gaspard Monge, ya yi rubutu kan yadda za a kwashe ƙasa daga wani wuri a cike wani da ita da mafi ƙarancin wahala. Duk mai rarraba buhunan masara tsakanin sito uku da kasuwa biyar ya san wannan ciwon kai.

Amma labarin da ya fi kusa da mu na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Jiragen ruwan ƴan kasuwa masu kai abinci da mai Ingila ayari-ayari suke tafiya, da rakiyar jiragen yaƙi, saboda jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna nutsar da su. Manyan hafsoshin ruwa sun yi imani ƙaramin ayari ya fi tsira. Sai masanin kimiyya Patrick Blackett da mutanensa suka zauna da takardun tafiye-tafiyen da aka riga aka yi, suka ƙirga, suka ga akasin haka: adadin jiragen da ake hasara a ayari ɗaya bai cika sauyawa ba, ko ayarin babba ne ko ƙarami. Dalilin kuwa makiyayi ma ya san shi. In ka ninka faɗin garke sau 2, dabbobin da zai ɗauka sun ninku sau 4, amma shingen da za ka tsare sau 2 kawai ya ninku. A 1943 aka yarda aka ƙara girman ayari. Ba a sayi sabon makami ba, ƙirga aka yi.

To mu fa? Kakanninmu fatake da suka je Gwanja ɗauko goro sun san darajar madugu, mutumin da ke yanke ranar tashi da wurin zango. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, mun ga kayan Nijar suna fitowa daga tashar Lome, su ratsa Burkina Faso a jerin manyan motoci da rakiyar soja har su shigo ta Tera. A wannan tafiya hafsa ne madugu. Shi ke cewa a tashi ko a jira.

Kada wani ya ce ai an riga an sami amsa a teku, sai a kwaikwaya. Ina! Jiragen ruwa a dunƙule suke tafiya, motoci kuwa layi ɗaya suke bi, in ka ninka yawansu ka ninka tsawon da za a tsare. Ga kuma jira. Kowace rana da mota ta kwana tana jiran ayari ya cika, kuɗin direba da yaran mota na tafiya, bashin banki na hauhawa, kuma mai albasar Galmi ba ɗaya yake da mai siminti ba. Shin gara ayari ɗaya mai mota 600 ko uku masu 200? A sa masu kayan gwari gaba, ko a ware musu tafiyarsu? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, sai dai ba a samunta da tsawa ko da yawan taurari a kafaɗa.

Mun san abin da za a ce mana: ƙasa na fama da ƴan bindiga, mayaƙa ake buƙata, ba masu alli da allo ba. Gaskiya ne lissafi ba ya tare harsashi, kuma in alƙaluman da aka ba shi na ƙarya ne, ƙarya zai haifa. Amma sojojin rakiya ba su da yawa, mai ma da tsada, shi ya sa raba su daidai ya zama wajibi. Mai yalwa ne ke iya ɓarna bai ji ba.

Makarantar hafsoshi ta Kaduna, da aka kafa a 1964, tana da sashen lissafi. Fatanmu ita da ta Yamai su ba wannan fanni matsayi na gaba, su kuma ba ɗalibai matsalolin hanyoyinmu su warware, ba na littattafan waje kaɗai ba.

Namu aikin kuma yana nan. Blackett bai yi komai ba sai da ya sami takardun tafiye-tafiye a rubuce. Ƙungiyoyin masu motoci da na ƴan kasuwa a Maraɗi da Ƙonni da Gaya su fara rubuta ranar da mota ta yi lodi, kwana nawa ta jira ayari, kwana nawa a hannun ƴan duwan, da buhu nawa ya ruɓe kafin a sauke.